Daƙiƙa Arba'in na Lempi

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin na saye shi ne don in riƙa rubuta abin da zan shuka idan ƙanƙara ta narke. Ga shi zai fara da abin da ba tumatir ba.

Misis Ojala tana asibiti. Ƙashin ƙugu ne. An ce aikin ya yi kyau, har ta fara yi wa masu jinya faɗa wai kofinsu ruwan wanke kwano ne. Shekararta tamanin da ɗaya.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ba. Ina wurin, na ji da kunnena, ya isa. Abin da zan rubuta shi ne, shekara goma sha ɗaya ɗakin taurarinmu yana tafiya a kan harshen kwamfutar da ni Corinne na ƙera da hannuna, ko sau ɗaya bai taɓa ba ni kunya ba. Kujera sittin, matakala tara daga ƙofa zuwa ƙasa, rufi kamar ƙwarya a kife. Arvid Niemela ya tsaya ya ba da labarin taurari, kwamfuta ta haska su a rufi. Shi Arvid shekara talatin ya yi yana riƙe da sitiyarin jiragen da ke ɗaukar tama a tafki, bai san kan kwamfuta ba, kuma ya rantse ba zai koya ba. Shi ya sa na yi masa ɗan harshe nasa a cikin babban harshen kwamfuta da ake kira Racket. Ya rubuta "dare", fitilu su mutu a hankali, taurari su fito. In ya ga dama ya ƙara wasu kalmomi biyar a baya: jira, launi, kiɗa, wata, sannu. In bai ga dama ba ya bar su. Sannu ita ce daƙiƙa nawa fitilu za su ɗauka kafin su mutu.

Ranar Asabar ba su ɗauki ko ɗaya ba, mutane kuwa suna kan matakala, har da Misis Ojala. To, ga shi na rubuta.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Dolores Pelkey, shugabar gidan tarihin garinmu da ɗakin taurari ke ƙarƙashinsa, ta kira mu ofis. Ta buga abin da Arvid ya rubuta na ranar Asabar, ta ja masa layi da jan biro. Kusa da shi ta ajiye katin misali da ke manne a bango tun farko, wanda na rubuta "dare sannu 40" a kai. Ta ce ga misali, ga nasa, kowa ya ga kalmar da ya manta. Dolores ba muguwa ba ce. Tsoro ne ya cika mata ciki, ita kuwa in tsoro ya kama ta sai ta nemi takarda ta ja mata layi.

Arvid ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ni ban taɓa rubuta wannan kalmar ba. Corinne ce ta ce in na yi shiru, arba'in ce."

Suka juyo suna kallona. Na ce sai na duba.

Wai sai na duba, ni da na san amsar kamar yadda na san sunana. Dolores ta karɓi makullinsa, ta ce har sai kwamiti ya zauna ranar bakwai ga Nuwamba. Ya daɗe yana fama da zoben makullan da farce kafin ya fito, ba wanda ya taya shi.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ban buɗe fayil ɗin da na rubuta harshen a ciki ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau kam na yi abin a yaba. Na sayo ƙananan fitilu masu batir na liƙa a gefen kowace matakala, tara cif, na ɗaure ƙarfen dafawa da ya shekara biyu yana rawa. Ina cikin aiki Dolores ta shigo da takardar talla ta wani kamfani, wai ko mu zubar da namu mu ɗauko nasu da aka riga aka haɗa. Na tambaye ta ko nasu ya san a wane watan ne tauraron da matuƙanmu ke bi yake zama daidai kan fitilar tashar jirgi. Ko ya san mu ɗan tsaya a wurin da Arvid ke tari. Ta naɗe takardarta ta fita. Ni dai in rigima ce a kan aikina, ba a kada ni.

Fayil ɗin yana nan. Gobe.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na je gidan Arvid. 'Yarsa Signe ta zo daga Minneapolis, ita ta buɗe mini ƙofa. Abin da na fara gani ƙananan takardu ne masu ruwan ɗorawa a ko'ina. A jikin murhu: kashe. A jikin ƙofa: makulli, hula, magani. A kan firij an jera sunayen jikokinsa huɗu da shekarunsu. Na ɗauka Signe ce ta manna, ashe rubutunsa ne.

Ta ja ni kicin ta rage murya. Wai a watan Yuli ya bar tukunya a wuta, wai sau biyu ya nemi makullin mota yana aljihunsa. Da ba ta ɗauke shi komai ba, sai da wannan ya faru. Ta karɓo masa ranar ganin likitan mantuwa, sha biyu ga wata, kuma ta sami ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da ita, mai taga yana kallon lambu. Bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba za ta tafi da shi. Na ce mata tukunya ai ni ma na ƙona uku bana. Ta ce ni ban jefa ɗaki cike da mutane cikin duhu ba.

Na ajiye kofin da ke hannuna na koma falo.

Shi kuwa ya yanko mini nisu, burodinsa mai zaƙi da yake gasawa duk Juma'a, ya shafa man shanu har ya yi yawa kamar kullum. Na ce masa Kyaftin, ya ce mini Injiniya, yadda muka saba, shi da bai taɓa zama kyaftin ba, ni da ban taɓa zama injiniya ba. Da Signe ta fita amsa waya ya matso kusa.

"Injiniya, gaya mini tsakani da Allah. Kin taɓa ce mini haka, ko kaina ne ya ƙirƙiro?"

Na ce ina kan dubawa.

Na tsani kaina yau, ba wani ƙawata magana.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na buɗe. Minti goma sha biyu ya ɗauke ni. Kwana takwas ina gudun aikin minti goma sha biyu.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in ga kaina a takarda. A ƙasa akwai ainihin aikin da ke kashe fitilu. Shi ya san in ba a gaya masa komai ba, arba'in ce. A sama kuma akwai makro, wato ɗan tafintan da ke ɗaukar gajeren rubutun Arvid ya mayar da shi dogon umarni kafin kwamfuta ta fara aiki. Makro yana duba abin da aka rubuta, ya gwada shi da zubi iri-iri da na tanada, wanda ya yi daidai sai ya bi. Da na fara, kalmomin ganin dama biyu ne, zubi huɗu: ga wannan ba wancan, ga wancan ba wannan, ga duka, ba ko ɗaya. Da suka zama uku, takwas. Huɗu, sha shida. A watan Agusta Arvid ya ce yana son a ƙara kalmar wata, don farin wata ya fito a rufi, na ce ai ƙaramin abu ne, na zauna da rana ɗaya na kwafe sha shida suka zama talatin da biyu. Har alfahari na yi ranar.

A kowane zubi, inda Arvid ya yi shiru, ni ce ke cike gurbin da hannuna. Ba jira, in sa sifili. Ba sannu, in sa arba'in. Zubi na ashirin da uku shi ne wata da kiɗa, ba jira, ba sannu. Daga na kusa da shi na kwafo, na cike gurbin jira da sifili, hannuna ya zarce ya cike na sannu da sifili. Ba wanda ya taɓa taka wannan zubin sai ranar Asabar, da Arvid ya haɗa wata da kiɗa karo na farko.

Na kama shi. Na ji daɗin kama shi har sai da na buga tebur, karena ya firgita. Sannan na tuna wa na kama.

A saman ainihin aikin, kusa da arba'in ɗin, akwai ɗan rubutun da na bar wa kaina shekara goma sha ɗaya da suka wuce: Lempi, da sanda, daga ƙofa zuwa kujerar ƙarshe. Matar Arvid ce. Shi ya tsaya da agogon jirginsa ya auna tafiyarta, tana tafe tana ce masa ya daina kallonta kamar mai jiran ƙwai ya dahu. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Mutumin da ya auna wannan ne aka ce ya manta da shi.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Sifili ɗaya ne. In mayar da shi arba'in, in ce na duba ban ga komai ba, wataƙila wutar lantarki ce ta yi gardama. Ba mai karanta Racket a garin nan sai ni. Arvid zai fita, ni ma zan fita, a ɗora wa wuta.

Na zauna da wannan tunanin har kofina ya huce.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Kafin in taɓa komai na ce bari in bi sauran ɗaya bayan ɗaya da fensir. Tirƙashi. Na sha bakwai ya musanya launi da kiɗa. Na talatin shi ma yana da nasa sifilin, yana nan kwance yana jiran wani ƙugun. Layi ɗari biyu da shida, arba'in ɗin Lempi a rubuce wuri goma sha bakwai, kuma ni ce zan riƙa tunawa da su duka har in tsufa. Ashe ba hannuna kawai ne ya yi kuskure ba, ginin ne tun tushe.

Ba faci zan yi ba. Rushe shi zan yi.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Rabin nasara. Akwai wata alama, ~optional, da ake sa wa kalma a cikin zubi, ma'anarta ko ta zo ko ba ta zo ba, zubin ya karɓa. Na san da ita tuntuni, taurin kai ne ya hana ni, don na saba da hanyata. Na sa wa kalmomin biyar, zubi talatin da biyu suka koma ɗaya. Guda ɗaya tak. Har ma yanzu kowace kalma za ta iya zuwa gaba ko baya, abin da Arvid ya shekara goma yana mita a kai, wai me ya sa dole launi ya riga kiɗa.

Amma har yanzu makro yana cike gurbi da kansa. Arba'in tana wuri biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Wuri biyu ai shi ne wuri goma sha bakwai yana jariri. Ban yarda ba. Na aika tambaya zauren masu Racket na intanet, na ajiye girman kai na rubuta a fili: ina so in mai rubutu ya yi shiru, makro ma ya yi shiru.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

An amsa! Wata mata daga Utah da ban taɓa gani ba, layi biyu ta rubuto, ko gaisuwa babu. Alamar ita ce ~? kuma ba a zubi ake sa ta ba, a wurin da makro ke fitar da dogon umarni ake sa ta. Aikinta: in kalmar ta zo, wuce da ita ƙasa tare da lambarta. In ba ta zo ba, kar ka ce uffan. Ainihin aikin zai yi abin da ya sani.

Shi ke nan. Makro bai san arba'in ba yanzu, bai san sifili ba, bai san komai ba sai abin da Arvid ya faɗa. Biyar a sama, biyar a ƙasa, da layin buɗewa da na rufewa. Layi goma sha biyu. Na tashi na zagaya falo ina taka rawa da safa, kare yana bina yana haushi. Shekarata arba'in da bakwai, kuma ban ji kunya ba ko kaɗan.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Na rubuta gwaji da ke bin duk hanyoyi talatin da biyu, kowace a kowane jeri, duk suka wuce. Ban yarda da allo kaɗai ba. Na je ɗakin taurari na kulle kaina, na rubuta "dare kiɗa wata" daidai yadda ya rubuta, na tsaya a matakala ta huɗu, inda abin ya faru, da agogo a hannu. Fitilu suka yi ta sauka a hankali. Arba'in daidai wata ya fito. Na maimaita sau shida don daɗi kawai.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Layi goma sha biyu. Ban taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba, kuma ba wanda zan nuna wa sai na faɗi dalilin rubuta su.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin Misis Ojala, an mayar da ita sashen da ake koya wa mutane tafiya. Na kai mata kofi na kirki a fulas da kyafaffen kifi. Ta koyar da ni lissafi a aji biyar, har yau in ta kalle ni sai in gyara zama. Na gaya mata komai. Na yi mata bayanin zubi da gurbi da sifili, ta saurara tana cire ƙayar kifi. Da na gama ta ce wato na rubuta amsa ɗaya sau goma sha bakwai, kuma na yi mamaki da ɗaya ta fito ba daidai ba. Na ce haka ne. Ta ce tun ina aji biyar haka nake, son nuna yawan aiki.

Na ba ta haƙuri. Ta ce ƙugu an riga an sa masa ƙarfe, haƙurin ta karɓa, kifin ma ta karɓa. Sai ta ce, "Arvid ya sani?"

Na ce a'a.

"To me kike yi a nan? Ni ƙashi ne ya karye mini, 'yar nan. Tashi."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya masa bayan an taso daga coci, Signe tana tsaye a ƙofar kicin. Ban zauna ba. Na ce ni na gaya masa in ya yi shiru arba'in ce, gaskiya ya faɗa a ofis, bai manta komai ba, laifin nawa ne tun watan Agusta.

Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni yaushe na sani. Na ce laifina ranar Lahadin da ta wuce na gan shi, amma gaskiyarsa tun a ofis na san ta.

Ya ƙirga da yatsu. Ya ce, "Kwana goma sha biyu kullum da asuba ina karanta sunayen jikokina a jikin firij, in rufe ido in gwada ko suna nan. Na tambaye ki a wannan kujerar."

Na ce na sani.

Ya tashi ya buɗe mini ƙofa. Bai ce Injiniya ba, Corinne ya ce, sau ɗaya, sai an jima. Da nake saka takalmi na ji yana ɓare takardar jikin murhu.

Na yi kuka a mota. Amma wani abu ya sauka daga ƙirjina, har na ji yunwa, na tsaya na ci abinci kamar wadda ta yini a gona.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Bai kira ba. Na gaya wa Dolores. Ta daɗe tana kallon jan bironta.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ina da kwafin duk abin da Arvid ya taɓa rubutawa, kwamfuta tana ajiye mini duk mako. Wannan ma na san da shi tun ranar ofis. Na bincika: gabatarwa ɗari biyar da talatin da takwas, ko sau ɗaya babu kalmar sannu. Na buga tsohon makro na haɗa shafukan da salatef suka zama doguwar takarda ɗaya. Sabon kuma ya shiga bayan katin gaisuwa har da sauran wuri. Gobe za su gani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Mun ci!

Na ce kada a zauna a ofis, a zo ɗakin taurari. 'Yan kwamitin su biyar suka jeru a layin gaba. Na tsaya a ƙofa na saki doguwar takardar, ta gangara matakala tara har ta taɓa takalmin Gus Tervo, mai kantin kayan gini, wanda ya fi kowa son a sayo na kamfani. Na ce ga abin da ya kada Misis Ojala, ni na rubuta shi, ga layin na zagaye. Na ce ga lissafin Arvid na shekara goma sha ɗaya, bai sauya komai ba, ni na sauya.

Gus ya ce to wa ya tabbatar ba zan sake ba. Tambaya ce mai kyau, na yarda, ko da yake na so in naɗe shi cikin takardar. Na ɗaga katin. Na ce da can ni ce ke tsakiya ina amsa wa Arvid tambayar da ba a yi mini ba, sau goma sha bakwai. Yanzu abin da ya faɗa shi ake kaiwa, abin da bai faɗa ba a bar wa mai shi, kuma lambar wuri ɗaya take a duniya. Na rubuta kalmomin biyar a guntayen takarda na zuba a hular Gus, na ce ya zaro duk waɗanda ya so ya buga da hannunsa. Da yatsa ɗaya yake bugawa. Sau bakwai ya gwada, har da juya su baibai don ya kama ni. Duk inda ba sannu, arba'in. A na bakwai shi da kansa yake ƙirgawa da ƙarfi.

Da fitilu suka dawo na ga Arvid a kujerar ƙarshe ta baya, Signe a gefensa. Ban san lokacin da suka shigo ba. Dolores ta hau matakalar da kanta ta miƙa masa makulli, ta ba shi haƙuri a gaban kowa. Ni kuma an yanke cewa daga yau duk abin da na sauya sai wani ya karanta kafin ya fara aiki, za a nemo malamin kwaleji. Da wata biyu baya ne da an ji mu har bakin tafki. Yau na ce na gode.

Da zai fita ya ɗauki katin ya juya shi gaba da baya, ya tambaya ko shi ke nan duka. Na ce shi ke nan. Ya sa a aljihun rigarsa ya tafi da shi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Signe ta kira. Likita dai za su je, ta ce, tukunyar Yuli ba ni na ƙona ba. Ɗakin mai taga kuwa ta ce wa gidan tsofaffin su ba wa wani.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau ne likita. Ba su faɗa ba, ban tambaya ba. Na ga motarsa a ƙofar kantin Gus da la'asar, shi ke tuƙi.

Asabar, 16 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Ƙanƙara ta sauka da safe, na ɗauka ba za a zo ba. Kujera sittin suka cika, wasu a tsaye.

Saura awa ɗaya a buɗe sai ga Misis Ojala, ƙanwarta ta kawo ta, tana tura keken nan na dafawa. Ta ce ba ta ga ƙarshen labarin wata ba, kuma ba a layin baya za ta zauna ba, kujerarta ta ƙasa take so. Arvid ya dube ta, ya dubi matakala, ya zaro agogon jirginsa daga aljihu. Bai kalle ni ba. Ya ce mata ta taho a yadda ta ga dama. Ta ajiye keken, ta kama ƙarfe, ƙanwarta a gefe, mataki ɗaya ta huta, ɗaya ta huta, tana ce masa ya rufe baki kar ƙuda ya shiga. Da ta zauna ya danna agogon. Saba'in da biyu.

Ya zo inda nake a bayan kwamfuta. Ya tambaya wuri nawa zan taɓa in za a sauya. Na ce ɗaya. Na buɗe masa layin, ga arba'in, ga sunan Lempi a gefe. Ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe a kai. Na ce ba dole ba ne, zai iya rubuta sannu saba'in da biyar na yau kawai, a bar wancan yadda yake. Ya girgiza kai, ya ce ba zai fara rubuta wannan kalmar a tsufansa ba, kuma matar nan duk Asabar take zuwa.

"Sa saba'in da biyar, Injiniya. Lempi kullum cewa take mun gaggauta ta. Sunanta dai ki bar shi, ki ƙara na Misis Ojala a ƙasa."

Na sa. Malamin kwaleji ya karanta ta waya, ya ce layi ɗaya ne, a bar shi ya fara aiki.

Ƙarfe biyu Arvid ya tsaya a wurinsa da hularsa. Takardarsa ta yau na gani, kalma ɗaya ce a layin farko, dare, ba komai a bayanta. Fitilu suka fara sauka. Ba wanda yake kan matakala, kowa ya riga ya zauna, amma ya ƙi fara magana, ya tsaya da agogo a tafin hannunsa har ta ƙarshe ta mutu.

Da na dawo mota na tarar da nisu a naɗe a kan kujera, da ƙaramar takarda mai ruwan ɗorawa manne a kai. Ya rubuta: ki kulle motarki, kin manta.